Fuskata ta faɗa, tumbin yana nan

Assalamu alaikum Anti. Shekaruna 34, 'ya'yana uku, ƙaramin ya shekara ɗaya da wata takwas, na yaye shi. Tun haihuwarsa cikina bai koma ba, har yau idan na je gidan biki sai an sami mai ce mini "Allah ya raba lafiya". Yau wata huɗu ke nan kullum bayan sallar asuba ina yin atisayen ciki, wanda ake kwanciya rigingine ana ɗagowa, sau 100. Na sayi bel mai matse ciki, ina shan wani shayin rage tumbi da na gani a Instagram, na kuma daina cin tuwon dare. Sikeli ya nuna na rage kilo 5. Amma Anti, daga fuska da wuya da ƙirji abin ya tafi. Surukata har kiran maigidana ta yi tana tambaya ko da yunwa yake bari na. Mazaunai ma sun fara sauka, abin da ban so ba ke nan. Tumbin kuwa yana nan kamar an dasa shi. Don Allah wane atisaye zan yi da zai ƙona kitsen ciki kaɗai ya bar mini sauran jikina?

Ƙanwarki daga Zariya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Gara in faɗa miki tun yanzu, don kada ki yi ta karatu kina jiran sunan wani atisaye na sirri a ƙasa: babu shi. Ba ni da shi, mai shayin Instagram ba ta da shi, likita ma ba shi da shi. Amma wannan ba ya nufin haƙuri kawai zan ba ki, domin a wasiƙarki na ga abubuwa uku da suka cakuɗe miki, kuma biyu daga ciki suna da gyara.

Kin san irin gidan da uwargida ke riƙe da makullin sito. Wadda ke da girki ba ta shiga ta ɗebo hatsi da kanta, ko da kuwa ɗakin girkin yana manne da siton. Aike take yi a ce ana buƙatar awo, uwargida ta buɗe buhun da ta ga dama ta auno. To haka jiki yake. Tsokar da kike wahalarwa ita ce mai girki. Kitsen da ke kwance a kanta ba nata ba ne, ba ta da ikon miƙa hannu ta ɗiba. Idan ta buƙaci ƙarfi, saƙo ne ke bi ta jini, ta hanyar sinadarai irin su adirenalin, ya isa ga ma'ajin kitse na duk jiki a lokaci guda: na kumatu, na damtse, na ƙirji, na cinya, na ciki. Kowane ma'aji ya saki abin da zai saki, a farfasa shi, ya shiga jini, jinin ya kai wa tsokar da ke aiki. Saboda haka mai da tsokar cikinki ta ƙona da asuban yau, ta yiwu daga kumatunki ya fito. Abin da surukarki ta gani ke nan.

Wannan magana an daɗe ana gwada ta, ba yau aka fara ba. A 1971 wasu likitoci a Jami'ar Kalifoniya da ke Amurka suka yi wata dabara mai sauƙi: suka nemo 'yan wasan tanis, mutanen da suka shekara da shekaru suna dukan ƙwallo da hannu ɗaya. Idan aiki yana cinye kitsen wurin da ake aikin, ai hannun duka ya kamata ya fi ɗayan ƙarancin kitse. Da aka auna, hannun ya fi kauri saboda tsoka, amma kaurin kitsen da ke ƙarƙashin fata kusan ɗaya yake a hannayen biyu.

Wanda ya fi kama da halinki shi ne na 1984 a Jami'ar Masacusets. Maza 13 aka sa su yi irin kwanta-tashin da kike yi, sau 5,004 cikin kwana 27. Aka tsakuro kitse daga cikinsu da bayansu da mazaunansu kafin a fara da bayan an gama. Ɗan abin da ƙwayoyin kitsen suka ƙanƙance, haka suka ƙanƙance a wuraren uku. Cikin bai sami wani fifiko ba duk da shi ya sha wahalar. A 2013 kuma, a ƙasar Cile, an sa mutane sun yi mako 12 suna horar da ƙafa ɗaya tak. Kitse ya ragu, amma daga hannuwa da gangar jiki ya fi raguwa, ba daga ƙafar da ta yi aikin ba. Don in yi adalci: masu bincike a Kwafanhagan sun nuna a 2007 cewa kitsen da ke maƙwabtaka da tsoka mai aiki yana ɗan fi sakin mai, saboda jini ya fi gudana a wurin. Sai dai bambancin ƙanƙane ne ƙwarai, ba irin wanda tela zai gani a awo ba.

Ga kuma lissafin da ba a faɗa wa mutane. Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori, wato ma'aunin ƙarfin da jiki ke ƙonawa, kusan 7,700. Kwanta-tashi sau 100, wanda kike gamawa cikin 'yan mintuna, abin da yake ƙonawa bai kai ƙosai biyu ba. Kilo biyar ɗin da kika rage ba daga nan suka fita ba. Tuwon daren da kika daina ne ya yi aikin.

Sai maganar bel da shayi, kuma a nan raina yakan ɓaci. Kitse ba ya narkewa ya tsiyaye ta fata kamar man shanu a rana. Idan jiki ya ƙona shi, iska da ruwa yake komawa. Wasu masana biyu a Ostireliya, Ruben Meerman da Andrew Brown, sun fitar da lissafin a 2014: idan mutum ya rage kitse kilo 10, kilo 8.4 ta numfashi yake fita, a matsayin iskar da muke fitarwa daga huhu, sauran 1.6 kuma ruwa ne. Wato ta hanci tumbi ke fita, ba ta zufa ba. Zufar da ke taruwa a ƙarƙashin bel ruwa ce, kina shan moɗa biyu ta dawo. Bel ɗin yana gyara zaman riga a ranar biki, ban hana ki wannan ba, amma sa shi yini guda yana takura numfashi, yana tura abinci sama ya kawo ƙwannafi. Shayin kuwa, da yawa daga irinsa filasko ne a ciki, ganyen nan da kakanninmu suka sani na wankin ciki, ko wani abu mai sa yawan fitsari. Ciki ya zube, sikeli ya sauka na kwana biyu, a ce magani ya yi. Abin da ya fita bayan gida ne da ruwa da gishirin da jiki ke buƙata, kuma hanji yana iya sabawa har ya ƙi aiki sai da shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ki daina shan sa daga yau.

To me ya sa naki ya fara daga fuska? Gado ne da kuma sinadaran jiki. Ki dubi mahaifiyarki da gwaggonninki da 'yan'uwanki mata: inda suke tara ƙiba da inda suke fara ramewa, galibi ba za ki yi nisa da su ba. Kowane jiki yana da buhun da yake saurin buɗewa da wanda yake rowa da shi. Jikin mace a shekarun haihuwa yakan fi ajiya a ƙugu da cinya da mazaunai, tanadin ciki da shayarwa ne. Idan al'ada ta ɗauke sai ajiyar ta ƙara karkata zuwa ciki. Namiji kuwa tun farko a ciki yake tarawa. Sannan fuska wuri ne da kitsensa ba shi da yawa, ɗan kaɗan ya tafi kowa ya gani, alhali ciki zai iya rasa fiye da haka ba a lura ba. Ina kyautata zaton cikin naki ya ragu. Ba ki auna shi ba ne, madubi da bakin mutane kika bari suna yi miki awo.

Yanzu abu na farko mai gyara, wanda nake ganin ya fi komai muhimmanci a wasiƙarki. Kin ce haihuwa uku, kin ce tun ta ƙarshe cikin bai koma ba, kin ce kamar mai juna biyu. Kafin ki ƙara yin kwanta-tashi ko sau ɗaya, ki tabbatar abin da kike yaƙi da shi kitse ne. A gaban ciki akwai tsoka dogaye guda biyu, dama da hagu, da wata jijiya mai kama da ɗinki ta haɗa su a tsakiya, daga ƙasan ƙirji zuwa mara. Idan ciki ya tsufa, wannan ɗinkin yana buɗewa don ya ba jariri wuri. Ga mata da yawa yana komawa cikin watannin farko bayan haihuwa. Ga wasu ba ya komawa sosai, musamman idan haihuwar ta zo a jere. Sai kayan ciki su riƙa turo gaba tunda bangon da ke tare su ya saki. Mace siririya ma tana iya samun wannan, ta yi ta azumin rage ƙiba a banza.

Gwajin ba shi da wuya. Ki kwanta rigingine, ki lanƙwasa gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa. Ki ɗora yatsu a tsakiyar ciki, sama da cibiya kaɗan. Ki ɗago kai da kafaɗa kaɗan kamar za ki leƙa ƙafafunki. Za ki ji gefen tsoka biyu sun matso yatsunki. Idan ramin da ke tsakaninsu ya ɗauki yatsu biyu ko fiye, ko kika ga tsakiyar cikin ya yi tozo yana tasowa kamar kunya a gona, to akwai alamar wannan rabuwa. Ki sake gwadawa a kan cibiya da ƙasanta. In haka ne, kwanta-tashi sau 100 da ƙarfin tsiya turo cikin waje yake yi, ba mayar da shi ba. Ki je asibiti ki nemi sashen gashi, wato masu fisiyo. A Zariya ba za ki rasa su a asibitin koyarwa ba. Su ne za su duba ki su koya miki atisayen tsokar can ciki, wadda ta zagaye ciki kamar ɗamara, da na tsokar ƙasan mara. Farkonsa ba ya ma kama da atisaye: numfashi ne, a fitar da iska a hankali ana janyo cibiya ciki, a riƙe na 'yan daƙiƙu ba tare da an ɗauke numfashi ba.

Tunda za ki asibitin, ki bari a taɓa cikin. Idan yana da tauri kamar akwai dunƙule, ko jinin al'ada ya ƙaru, ko cibiya ta bullo tana ciwo, a yi hoton ciki, don ƙarin mahaifa ba baƙon abu ba ne a matanmu, kuma ba ya jin atisaye. Idan kuma da safe cikin a lafe yake, da yamma ya kumbura, wannan iska ce da abinci, maganarsa daban. Kuma kada ki yi fushi da ni: mai yaye ce ke, ki tabbatar masu "Allah ya raba lafiya" ba gaskiya suka faɗa ba.

Abu na biyu mai gyara shi ne mazaunan da kika ce suna sauka. Kitse ba ya karɓar umarnin wuri, amma tsoka tana karɓa. Wadda kika sa aiki ita ce za ta cika, kamar hannun 'yan tanis ɗin can. Idan mutum ya rage abinci ba tare da yana ɗora wa tsokarsa nauyi ba, ba kitse kaɗai yake rasawa ba, har da nama, kuma mazaunai da cinyoyi su ne manyan tsokokin jiki. Ƙarfin da kike ƙararwa a kan ciki, ki mayar da shi can. Ki tsaya gaban kujera, ki yi kamar za ki zauna, kina taɓa ta ki miƙe, sau 10 zuwa 12, ki huta, ki maimaita zagaye uku. Ki kwanta rigingine da gwiwoyi a lanƙwashe, ki ɗaga ƙugu sama ki matse mazaunai, ki sauke a hankali. Ki hau dakali ko matakala da ƙafa ɗaya ki sauko, ki canza ƙafa. Idan sun yi sauƙi, ki rungumi jarkar ruwa mai lita biyar kina yi, daga baya ki ƙara. Sau biyu ko uku a mako ya isa, da hutun kwana a tsakani. Ba za ki koma siffar wata mace ba, ƙashin ƙugu yadda Allah ya yi shi haka zai zauna, amma abin da ya sauka zai iya tasowa, kuma zanenki zai faɗa miki kafin sikeli.

Shi kuma kitsen cikin kansa iri biyu ne. Akwai wanda kike iya kamawa da hannu ki murza, teɓar da ke ƙarƙashin fata. Akwai kuma na can ciki, bayan tsoka, wanda ke naɗe da hanji da hanta, hannu ba ya kai gare shi. Na biyun ne mai haɗari, shi ke da alaƙa da ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya. Abin daɗin shi ne, shi ya fi saurin jin motsa jiki. Ba motsa ciki ba, motsa jiki gaba ɗaya: tafiya da sauri, keke, rawa, duk abin da zai sa numfashi ya hau ya daɗe a sama. A wani bincike na Jami'ar Duke da aka buga a 2005, mutanen da aka bari ba sa motsa jiki kitsen cikin nan ya ƙaru musu cikin 'yan watanni, masu matsakaicin motsi nasu ya tsaya, waɗanda suka fi yi kuma nasu ya ragu. Idan akwai wani abu da ya yi kusa da "atisayen rage tumbi" da kike nema, to tafiya ce da ƙafa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2020, ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Minti 30 sau biyar a mako ya kai ki 150. Saurin da ake nufi shi ne wanda za ki iya magana amma ba za ki iya rera waƙa ba. Na san ba kowace unguwa ce mace za ta fita tana sauri a titi ba a bi ta da ido ba. Ki nemi maƙwabciya ku riƙa fita da hijabanku bayan asuba, ko ki raka yara makaranta da ƙafa ki dawo ta doguwar hanya, ko ki zagaya tsakar gida kina sauraron karatu a waya. Ba dole sai a zama ɗaya ba, minti goma sau uku ma lissafi ne. Tsallen igiya dai ki dakata da shi idan kina ganin ɗigon fitsari lokacin tari ko atishawa, sai masu fisiyo sun gan ki.

Abinci kuwa, ban so yadda kika yi da tuwon dare ba. Ki dawo da shi, ki rage malmalar, ki ƙara miya da ganye. Inda ya kamata ki sa ido shi ne abin sha: lemon kwalba, sukarin shayi, wanda ake zubawa a kunu da fura da zoɓo. Kwalbar lemo babba guda ɗaya tana iya kai ki kusa da giram 50 na sukari, wanda shi ne iyakar da hukumar lafiyar ta ba babban mutum a yini. Sai soye-soye. Amma wake, ƙwai, kifi, awara, nono, gyaɗa, zogale, waɗannan su ne tubalin tsokar da muke son ginawa, kada su yanke a kwanonki. Ki kuma nemi barci gwargwadon yadda yara suka bari, don mai ƙarancin barci ya fi jin yunwa da kwaɗayin zaƙi.

Sikelin nan ki ɗaga shi sama da kwaba. Ki ari tef na awo wajen tela. Sau ɗaya a wata, da safe kafin ki ci komai, ki auna tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, wajen saitin cibiya ko sama da ita kaɗan, bayan kin fitar da numfashi, ba tare da kin shanye ciki ba. Ƙa'idar da hukumar tsara jiyya ta Birtaniya ta ɗauka a 2022 mai sauƙin riƙewa ce: awon ya zama ƙasa da rabin tsayinki. Idan tsayinki santimita 160 ne, ana son ya gaza 80. Ki rubuta lambar a bayan littafi. In kin tarar tun yanzu kina ƙasa da rabin, to ba ki da sauran kitsen da ya kamata ki bi da yunwa, aikinki na tsoka ne kawai, kuma fuskarki ta huta.

Akwai abu na uku, wanda na ce ba shi da gyara irin wanda kike so. Fatar da ta miƙe sau uku ta ɗauki mutum ba lallai ta koma kamar ta budurwa ba. Wata takan koma sosai, wata takan bar ɗan lanƙwasa a ƙasan cibiya da zane-zanen nankarwa, ko da babu kitse a ƙarƙashi. Wannan ba atisaye, ba shayi, ba man shafawa da ke ɗauke shi. Na faɗa miki ne don kada wata rana ki kai inda ya kamata ki tsaya, ki ci gaba da ramar da kanki kina bin fata.

Game da Hajiya surukarki, kada ki ɗauki maganarta da zafi. A idon iyayenmu kumatu su ne shaidar ana kula da mace, kuma tsoronta kada a ce ɗanta ya gaza. Ki je ki gaishe ta da kanki, ki ce mata lafiyarki ƙalau, kin ɗan rage jiki ne kuma za ki ga likita a kan cikin da bai koma ba tun haihuwa; kalmar likita takan kwantar da irin wannan magana. In ta zuba miki abinci ki ci a gabanta. Maigidan kuma, tunda shi aka kira aka tuhuma, ki ba shi tef ɗin ya auna nasa cikin. In ya wuce rabin tsayinsa, kin sami abokin tafiyar asuba. Bayan wata uku ki sake rubuto mini, da lambar awon farko da ta ƙarshe, da abin da masu fisiyo suka ce game da yatsun nan biyu.